Shanun Ardo Manu da Akwatin Bakin Ruwa

Tun da na dawo daga kudancin Kano ban samu sakat ba. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon tela, wannan ya ce, "Habibu, wai da gaske shanu kuka sa wa rediyo?" Wancan ya ce, "An ce kwalekwale ya kusa kifewa da kai." Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa in ya tashi sai ya ƙara masa gishiri ya kai gaba. Shekaranjiya wani ya tare ni a masallaci yana yi mini jaje, wai ya ji kada ya kama ni a ƙafa. To, ga shi a rubuce yadda ya faru. Wanda ya ƙara wani abu a kai, shi da Allah.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata makaranta a nan Kano. Aikina haɗa wayoyi da gyaran na'urori. Maigidana a wurin aiki, Dakta Lawal, shi ya samo wani bincike na gano inda shanu suke kiwo. Ga yadda abin yake, don kada a sake tambayata. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa saniya a wuya, Fulani suka sa masa suna laya. Layar tana aika saƙo ta iska. Sai a kafa akwatuna uku a kan turakun ƙarfe, a wuraren da aka san matsayinsu sarai a taswira. Kowane akwati yana jin saƙon, kuma daga ƙarfin saƙon yake ƙiyasta nisan da ke tsakaninsa da saniyar. In ka zana da'ira a kewayen kowane akwati da wannan nisa, inda da'irori ukun suka haɗu, nan saniyar take. Magana ke nan, ba tsafi ba siddabaru.

Dakta ya kafa irin waɗannan akwatuna a wuri biyu: wajen Ɗansoshiya a ƙasar Kiru, da kuma gefen dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. A can gefen dajin ne wani dattijo, Ardo Manu, ya yarda aka ɗaura wa shanunsa layar. 'Yan'uwansa sun hana shi, ya ƙi ji. Dakta ya ce masa na'urar za ta zame masa shaida cewa ba ya shiga gandun dajin gwamnati, shi kuma ya san ba ya shiga.

Sai ga shi taswirar da kwamfuta ta fitar ta nuna shanun Ardo tsamo-tsamo a cikin dajin. Masu kula da gandun suna karɓar kwafen duk abin da muka fitar, don da wannan sharaɗi aka ba mu izinin aiki. Suka aika wa Ardo cewa in aka gama girbi zai tashi daga wurin da iyalinsa.

Wata safiya na zo aiki na tarar da wani dogon dattijo zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, sandarsa a gicciye a cinyarsa. An ba shi kujera ya ƙi. Da Dakta ya iso, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan dattijon ya ce, "Malam, ƙarfenka ya yi mini ƙarya. A wurin nan aka binne uwata. Ka zo ka gyara maganarka."

Dakta yana da ɗalibai da jarrabawa a gabansa. Ya kira ni ya ce, "Habibu, za ka je ka auna gaskiyar na'urar nan. In ita ce ta yi kuskure, ka kawo mini hujja. In kuma ba ita ba ce, babu yadda za mu yi." Ni da ban taɓa kwana a wajen Kano ba sai a gidan biki, aka ce in tafi daji.

Aka ba ni tsohuwar Landirobar makaranta da direbanta Isiyaku, Bazazzagi, wanda tun kafin mu wuce Kura ya fara: "Kanawa, ku da ba ku san daji ba sai dajin kasuwar Kurmi." Na ce masa ya duba hanya, mutumin da garinsu babu abin gani sai ganuwa da ta rushe. Haka muka yi ta yi har muka dawo.

Lokacin wahalar man fetur ne, gidajen mai duk a rufe. Isiyaku ya ce yana da wani sani a Bebeji da ke da mai a jarka, muka ratse. Sanin nasa ya tafi gona, aka ce mu jira. Muna jiran ne muka ƙarasa Tiga, na ga ruwan dam ido da ido. Wallahi ban zaci akwai ruwa mai yawan wannan a ƙasar Kano ba. A bakin ruwan wata dattijuwa ta gasa mana karfasa da yaji da ƙuliƙuli, ta miƙo a ganye. Na tambayi cokali, Isiyaku ya yi dariya har ya ƙware. Dattijuwar ta ce su ba masunta ba ne tun asali, manoma ne, ruwa ne ya ci garinsu aka dawo da su nan, suka koyi su da noman rani a kan dole. Ta faɗi haka tana juya kifi, kamar mai ba da labarin kasuwar jiya.

Washegari muka isa Kiru, muka gaida masu gari, aka haɗa mu da wanda zai nuna mana hanyar Ɗansoshiya. Na fara da can ne da gangan, don in ga ko na'urar ma tana da gaskiya tun asali. Hanyar awon ba ta da wuya, sai dai gajiya. Ka ɗauki laya guda a hannu, ka je ka tsaya a wurin da babu gardama a kan matsayinsa: gada, ko makaranta, ko irin turken simintin nan da masu safiyo, wato masu awon ƙasa, suke kafawa. Sai ka kunna na'urar da ke karɓar saƙon akwatunan, ta ba ka nisa uku, ka zana da'irorinka a taswira, ka ga tazarar da ke tsakanin inda ta ce kake da inda ƙafarka take. Ba sau ɗaya ake yi ba. Ka yi a fili, ka yi a cikin dawa, ka yi a kwari, ka yi a bayan dutse, don itatuwa da duwatsu suna rage wa saƙon ƙarfi, akwatin ya zaci ka fi haka nisa.

Mutanen Ɗansoshiya sun sha kallo. Ga mutum da riga da wando ya rataya abin wuyan saniya, ya shiga cikin dawa ya tsaya ƙiƙam ba ya komai. Wani manomi ya daɗe yana kallona daga kan kunya, sannan ya matso ya ce, "Malam, lafiya dai ko? In wani abu ne, akwai mai magani a gaba kaɗan." Na gode masa. Da yamma ya aiko mana da ɗanwake da ɗanyen tumatir, ina jin don tausayi.

Sakamakon dai ya yi kyau. A fili, kuskuren bai wuce jifa da dutse ba. A cikin itatuwa ya ɗan ƙaru, amma ko can bai kai tsawon gona guda ba. Wannan bai faranta mini rai ba ko kaɗan, don shanun Ardo a taswira sun shige dajin da nisa sosai, ba irin nisan da za a ɗora wa itatuwa ba. Na ce a raina, dattijon nan ko dai 'ya'yansa suna shiga bai sani ba.

A Kwanar Dangora Landiroba ta ce ba ta san zancen ba. Lagireto ya fashe, tururi ya tashi, masu rake suka kewaye mu kowa yana ba da shawara. Bakanike ya duba ya ce sai an aika Zariya. Isiyaku ya ce, "Ka gani ko? Komai ya lalace sai an nemi Zazzau." Na bar shi da motarsa, na kwashi na'urar karɓar saƙo da kwamfuta da batirin mota, na shiga kiya-kiya mai zuwa Tudun Wada.

An cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Batirin yana kan cinyata, kwamfutar a ƙirjina, wata akuya a ƙarƙashin kujera tana cin igiyar takalmina. Sai da na sauka na ga ruwan batir ya cinye mini wando daga gwiwa zuwa cinya. Da wannan wandon na shiga ofishin jami'in gandun daji, ina kare ramin da taswira.

Jami'in, Malam Yakubu, mutum ne mai natsuwa, ba irin wanda na zana a raina ba. Ya ce, "Ni ba ni da komai da Ardo. Tun da na zo nan ban taɓa kama saniyarsa a ciki ba. Amma takardarku ce ta je sama, kuma daga sama aka ce a tashe shi. In kuna da wata magana, ku kawo kafin a gama yankan dawa. Kuma ba labari nake so ba, abin da zan gani da idona nake so."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo ni ke nan."

Ya sauke ni a wani ɗaki a bayan ofishin, wanda rabinsa buhunan masara ne. Tuwon masara da miyar kuɓewa ake ci a Tudun Wada safe da dare, kuma malmala ɗaya tasu ta yi uku irin ta gidanmu. Abin da ya fi damuna shayi. Mai shayin garin ruwan bunu yake yi wanda za ka hango gindin kofi ta cikinsa. Da na yi ƙorafi ya ce ai na birni ne suke ɓata ciki da madara.

Daga nan ɗan achaɓa ya ɗauke ni da kayana zuwa rugar Ardo, ta hanyar Doguwa. Mun faɗi sau ɗaya a cikin yashi, ba wanda ya ji ciwo sai mutuncina. Rugar tana kan wani tudu, bukkoki da rumbuna da gonar masara, don suna noma sosai. Kudu da ita akwai jerin turakun siminti masu farin fenti, iyakar gandun ke nan. Daga nan ciyawa ta fi mutum tsawo, koriya shar, ga shanu suna kallonta ba a bari su taɓa. Arewa kuma, can nesa, ana hango ƙyallin ruwan Tiga.

Ardo ya karɓe ni kamar ba mu ne muka jawo masa masifa ba. Aka kawo fura da nono a ƙwarya mai sanyi. A birni in an ba ka abu sai a tsaya ana kallonka har ka yaba. A nan kuwa ajiyewa aka yi kowa ya juya baya, sai da na gama aka dawo. Da na ce na gode, ya ce, "Ba a gode wa nono." Amma na lura ƙannensa ba sa zama in na zauna. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa a gabana, da Hausa don in ji, "Mun ce kada a ɗaura, aka ɗaura." Ardo bai ɗaga kai ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Na fara awo da yamma a ranar da na isa. Na rataya laya na tsaya a jikin turken iyaka. Da'irori uku suka haɗu a kan turken cif, kamar a Ɗansoshiya. Na sake a bakin rijiya, haka. Ardo yana tsaye a bayana ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Baffa, yanzu dai gaskiya ya faɗa." Ya gyaɗa kai ya tafi.

Da safe na koma wannan turken dai, ban matsa ko taku ɗaya ba. Sai na'urar ta ɗauke ni ta jefa ni cikin daji! Na goge idona na sake zanawa. Wannan karon da'irorin ma ba su haɗu ba, sun bar wani fili a tsakaninsu. Kwamfutar da ke Kano in ta ga haka ba ta ƙorafi, tsakiyar filin take ɗauka ta ce nan ne. Da na duba, akwatuna biyu da aka kafa a kan duwatsu, nisan da suka ba ni jiya shi suka ba ni yau. Na ukun, wanda ke arewa a wani ƙauyen masunta a bakin ruwa, shi ne ya ce na yi masa nisa ƙwarai. Kuma in ka yi wa arewa nisa, ai kudu ka yi, cikin gandu.

Na zargi raɓa. Na zargi batirin akwatin, da yake da hasken rana yake caji, na ce ko da safe bai sha rana ba ne. Da la'asar na hau achaɓa na tafi ƙauyen. Na tarar da akwatin a kan turkensa a ƙofar gidan wani dattijo mai suna Malam Iliyasu, wanda Dakta ya bar wa kula da shi. Ban taɓa ganin na'urar da aka kula da ita haka ba. An goge ta tana ƙyalli, ko kashin tsuntsu babu. Na buɗe, batir lafiya, wayoyi lafiya. Dattijon ya ce, "Ɗana, da fatan ba a samu wani laifi ba?" Na ce, "Baba, babu, Allah ya saka da alheri." Na koma ruga ban san abin da zan ce wa Ardo ba.

Haka aka yi ta yi. Safe ƙarya, yamma gaskiya. Kuma shanun Ardo da safe suke bin gefen iyaka zuwa mashaya, daidai lokacin da na'urar take haukanta. Na san dai an zalunci mutumin nan, amma in na je wa Malam Yakubu da "wani lokaci tana yi, wani lokaci ba ta yi", me na kai masa? Ana ta yankan dawa a gonakin da ke kewaye, kullum in na fito sai in ga wata gonar ta zama fili.

Ranar Juma'a da safe na tsaya a turken nan ina jiran a jefa ni daji kamar kullum. Da'irori suka haɗu cif. Na yi tsaki na faɗa wa Ardo. Ya yi wata dariya marar daɗi ya ce, "Ashe ƙarfen naku Musulmi ne. Ranar Juma'a yana hutawa da ƙarya."

Na yi dariya ni ma, sai dariyar ta tsaya mini. Raɓa ba ta san Juma'a ba, batir ma haka. Mutum ne yake sanin Juma'a.

Allah ya taimake ni, a ranar Isiyaku ya iso da Landiroba, an ɗaure lagireton da waya. Asabar da sassafe muka nufi ƙauyen masunta, Ardo ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Muna isa na dubi ƙofar gidan Malam Iliyasu. Turke yana nan, akwati babu. Garin shiru, maza duk suna kan ruwa. Da muka tambayi inda Malam Iliyasu yake, wata mata da ke shanya kifi ta nuna mana can tsakiya, inda kan wani busasshen itace ya leƙo daga cikin ruwa, da ɗan kwalekwale a jikinsa.

Wani masunci da ya dawo da wuri ya yarda ya kai ni. Ardo da Isiyaku suka ce su a tudu aka haife su. Ban iya ruwa ba, kuma kwalekwalen yana shan ruwa ta ƙasa, aka ba ni ƙoƙo ina kwarfewa ina salati. Wannan shi ne duk abin da ya faru, babu kifewa babu kada.

Muka iske Malam Iliyasu yana jan raga. A gaban kwalekwalensa, a kan wata tabarma da aka ninka, ga akwatinmu zaune, an lulluɓe gindinsa da leda don kada ruwa ya taɓa shi, eriyarsa a tsaye.

Na ce, "Baba, ina kwana. Me akwatin nan yake yi a nan?"

Ya dube ni da mamaki. "Yo ina zan bar shi? Malaminku da ya kawo shi cewa ya yi amana ce, in kula da shi kamar idona. Da safe garin nan ba kowa, baƙi masu sayen kifi suna ta shige da fice. A wurinmu abin da aka ba ka amana ba a barinsa a baya, inda jikinka yake nan yake. In na dawo sai in mayar da shi kan ƙarfensa ya sha rana, don ya ce rana ce abincinsa."

Mu a birni sai mu kulle abu a shago mu ce Allah ya tsare. Dakta ya gaya masa komai, ban da abu ɗaya da mu a wurinmu bai kai a faɗa ba, wato kada akwatin ya motsa.

Na ce, "Kullum nan kake zuwa?"

"Kullum, in ba Juma'a ba." Ya dafa busasshen itacen. "Wannan rimin ƙofar gidanmu ne. Nan ƙasa zauren mahaifina yake, tun da ruwan dam ya ci garinmu. Kifi yana son tsofaffin katangu, ni ma kuma na saba."

A hanyar komawa, a cikin kwalekwalensa, na yi masa bayani a hankali, cewa duk sanda ya yi nisa da akwatin zuwa nan, lissafi yana tura shanun wani mutum cikin gandu, kuma an ce mutumin ya tashi. Ya daina tuƙi. Ya ce, "Tashi kamar yaya?" Na ce, "Ya bar wurin da iyalinsa." Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ci gaba da tuƙi har muka taɓa gaɓa.

Ardo yana tsaye a bakin ruwa da sandarsa. Malam Iliyasu ya sauko da akwatin a rungume, ya ajiye, ya durƙusa a gabansa, dattijo a gaban dattijo. Ya ce, "Bawan Allah, ka yafe mini. Ni da aka tasa, na san abin da ake ji, yau ni zan tashi wani? Wallahi ban sani ba." Hawaye yake yi sosai, ba ya ɓoyewa. Ardo ya kama hannunsa ya tashe shi ya ce, "Tashi, Malam. Kai amana ka riƙe." Isiyaku, mai bakin da ba ya rufuwa, ya juya yana duba tayar mota.

Washegari muka ɗauko Malam Yakubu. Na ba shi layar ya riƙe da hannunsa, ya tsaya a jikin turken iyaka. Akwati yana kan ƙarfensa, na zana, da'irori suka haɗu a kan turken. Isiyaku ya koma ƙauyen da mota ya ce wa Malam Iliyasu ya ɗauka ya tafi inda ya saba. Muka zauna muna jira, Ardo yana jan carbi. Da saƙo ya sake shigowa na zana a gaban jami'in, sai ga shi a tsakiyar gandun da yake tsaro. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi taswirar. Ya ce, "To, ni ma sai a tashe ni."

Amma ya ce wannan ya nuna na'urar ta yi kuskure ne kawai, bai nuna inda shanun suka kasance ba, kuma na sama za su tambaya. Gaskiyarsa. Da Malam Iliyasu yawo yake yi a kan ruwa, yau nan gobe can, da ba mu da yadda za mu yi, sai dai a zubar da awon gaba ɗaya a bar Ardo da zargi. Amma wuri ɗaya yake zuwa. Na sake shiga kwalekwalen nan da laya, akwatuna biyu na kan duwatsu suka ba ni matsayin rimin. Na koma Kano, muka gaya wa kwamfuta cewa da safe akwati na uku a jikin rimin yake, muka sake lissafin tun daga farko. Shanun Ardo suka fito daga cikin daji ɗaya bayan ɗaya, suka jeru a kan hanyarsu ta mashaya, a wajen iyaka.

Ni na mayar da sabuwar taswirar da kaina, tare da buhun siminti, muka ɗaure akwatin a turkensa yadda ko giwa ba za ta cire ba. Malam Yakubu ya aika sama, aka janye maganar tashi kafin a kai dawa rumbu. Ƙannen Ardo sun ce a cire layun, ya ce a bar su.

Ranar da zan taho, Ardo ya ce in raka shi bakin ruwa, yana da ƙwaryar man shanu da zai kai. Muka tarar da Malam Iliyasu yana shirin fita. Ardo ya ce in nuna masa a taswira inda abin ya faru. Na nuna masa ɗigon da na yi da fensir a tsakiyar shuɗin ruwa, inda babu sunan komai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai ya hango kan rimin.

Ya ce, "Malam Iliyasu, ashe gidanka da ke ƙarƙashin ruwa shi ya tsayar mini da nawa."

Malam Iliyasu ya miƙo hannu. Ya karɓi taswirar, ya sa yatsa a kan ɗigon, ya tambaye ni ko zan iya rubuta sunan garinsu a wurin. Na ciro fensir, ya faɗa mini, na rubuta.